Masu Yabon A-Kori-Kura

Shekara uku na yi ina fama da maigidana ya rabu da motar nan, da lallashi da fushi da ƙaurace wa magana. Ranar da ya yarda kuma, sai maza goma sha ɗaya suka zauna a ƙofar gidanmu suka rushe mini aikin kafin azahar. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Sunana Kulu. A Haɗeja aka haife ni, a nan aka yi mini aure, kuma mijina direba ne tun kafin in san shi. Motar da nake magana a kanta a-kori-kura ce mai shan gas, wadda ya saya hannu na biyu a 1983. A lokacin shuɗiya ce, daga baya kuwa ba wanda zai iya rantsuwa a kan launinta. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya cika ya koma sifiri har sau biyu, a zagaye na uku ya tsaya cak. Ba zan ci amanarta ba, ta ciyar da mu. Tattasai daga fadama zuwa Kano, bandar kifi daga Guri, shinkafa daga Miga, ranar Alhamis kuma kasuwar Maigatari. Da ita aka yi wa 'yarmu Ma'u kayan ɗaki. Amma abu in ya ƙare ai ya ƙare.

Da ta tsufa sai ta daina tashi da makulli. An canja batir, an gyara kik ya fi a ƙirga, a ƙarshe bakanike ya ce injin ne ya yi sanyi, sai dai turi. Wanda bai taɓa tura motar gas ba bai san wahala ba. Ba kamar ta fetur ba ce da mutum biyu za su yi mata, wannan sai ƙarti biyar sun haɗa gumi. Garin namu kuma shimfiɗe yake kamar tabarma, babu gangaren da za ka ajiye mota ta sulala da kanta da safe. Shi kuwa maigidan ba ya iya zama a ciki ana tura shi, wai kunya yake ji. Sai ya buɗe ƙofa, kafaɗa a jikin ƙarfe, hannu ɗaya a sitiyari, yana turi tare da su, in ta ɗauki gudu ya yi tsalle ya faɗa ciki. Mutum mai shekara hamsin da takwas ke nan.

A daminar 1996 ta kafe a laka a hanyar Miga da lodin shinkafa. Garin ɗaga ta hanjinsa ya zazzago ta gefen mara, sai da aka yi masa aiki a asibiti. Maƙwabciyarmu Dibora, 'yar Filato, nas ce a can. Ita ta ja ni gefe ranar da aka sallame shi.

"Maman Ma'u, ki ji ni da kyau," in ji ta. "Wata shida ko bokitin ruwa kar ya ɗaga. Motar nan in ya sake tura ta, ɗinkin zai ɓalle, kuma aiki na biyu ba ya yin kyau kamar na farko."

Da wannan maganar na samu na karya masa taurin kai. Akwai wani dilan motoci a Malam Madori, Alhaji Auta, yana da wata farar a-kori-kura 'yar Kwatano, ita ma mai gas, amma mai tashi da makulli. Ya ce zai karɓi tamu a yi musanya, mu yi ciko. Ya sha ganin tamu tana wucewa da lodi a titi, ya faɗi cikon da za mu iya. Na sa aka kwance bijimaina biyu da nake turke aka kai kasuwa, ban ko waiwaye su ba. Aka sa ranar Asabar da hantsi zai zo ya duba a ƙarasa magana.

Kuskuren maigidana ɗaya ne, ya je ya gaya wa Kawu Ibrahim. Kawu ƙanin mahaifinsa ne, kuma ya yi shekara arba'in yana dillancin shanu. A wurinsa babban abu ba a sayar da shi a ɓoye kamar kayan sata, dole maƙwabta su zauna su yi masa shaida. Haka ake yi wa san noma a wajenmu. In za a sayar, sai waɗanda suka san shi su gaya wa mai saye gona nawa ya nome, damina nawa ya yi bai taɓa kwantawa da garma a wuya ba. Iya aikin da ya yi, iya darajarsa. To, da wannan hankalin Kawu ya bi gida-gida yana cewa a fito ranar Asabar a yi wa motar Abdulwahid, wato maigidana, shaida, kar baƙo ya taya ta da arha. Ni ban san da wannan shiri ba sai da na ji ana shimfiɗa tabarmi.

Alhaji Auta ya iso da farar motar ya tsayar da ita kusa da tamu. Na leƙa ta tsagar ƙofar zaure, na ga ya kashe ta ya sake murza makulli don a gani, ta tashi nan take, sautinta a hankali. Wallahi sai da na ji sanyi a raina. Na ce yau dai Allah ya kawo ƙarshen turi.

Bayan gaisuwa ya zagaya tamu, ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya buɗe kan injin ya leƙa. Sannan ya duba cikin motar.

"Malam Abdulwahid, agogon nan a tsaye yake. Tun yaushe?"

Kafin maigidan ya buɗe baki Kawu ya karɓe. "Alhaji, agogon ne ya gaji, ita ba ta gaji ba! Sau biyu tana cika shi yana komawa farko. Shekara goma sha uku motar nan ba ta huta ko yini ɗaya ba. Ranar salla ma ita ke kai tsofaffi idi."

"Sau biyu?" in ji Alhaji Auta.

"Sau biyu, da idona. Da bai lalace ba da yanzu an yi na uku."

Alhaji ya gyara hula ya zauna a bakin tabarma. Ni da ban taɓa shiga makaranta ba na san an fara ɓarna, amma su sai gyaɗa kai suke yi.

Inuwa mai kifi ya matso. "Ni in ba ka labarin shekarar babban ruwa, Alhaji. Muna dawowa daga Guri da kwandunan kifi, ruwa ya cinye hanya, ta zurma a wani kwari. Kwananta biyu a ƙarƙashin ruwa, rufinta kawai ake hangowa. Masunta suka hau gora suka ɗaura mata igiya, shanu huɗu suka jawo ta. Har tarwaɗa muka samu a ƙarƙashin kujerar direba. Aka tsiyaye ta, aka shanya ta a rana kwana uku, aka tura ta tashi."

"Da injin da komai ta nutse?"

"Da komai, Alhaji! Wace mota ce za ta yi wannan?"

Na ɗauki taɓarya na shiga dukan turmi ba komai a ciki, ko maigidan zai gane ya shigo. Ko a jikinsa. Na saki kwano a ƙasa da gangan. Na tsaya a bayan ƙofa na ce, "Maigida, ana magana." Ya ce, "Ina zuwa," bai ko juyo ba. Yana zaune ya washe baki kamar wanda ake yi wa kirari ranar naɗi.

Wani ya ce ya taɓa ɗora mata buhu talatin da biyar na shinkafa, ƙashin bayanta ya karye gida biyu a Jahun, aka yi mata walda da guntun ƙarfen dogo, har yau gyaran na nan, in Alhaji zai sunkuya zai gani. Alhaji kuwa ya sunkuya ya gani. Wani ya ce lokacin wahalar mai wata biyu ta yi tana shan kananzir haɗe da baƙin mai, ba ta ce uffan ba. Kowa na jiran na gabansa ya gama ya kawo wanda ya fi.

Wanda ya fi ba ni haushi Malam Markus ne, mijin Dibora, malamin makarantar sakandare, mutumin da ke karanta jaridar Turanci. Na ce shi dai zai gane ya tsayar da su. Sai ya cire tabarau ya fara goge ido.

"Ni ba zan manta da motar nan ba," in ji shi. "Da mamata ta rasu a nan, babu direban da ya yarda ya kai gawarta gida Zonkwa. Malam Abdulwahid ya ce in shimfiɗa katifa. A hanya lagireto ya fashe, tana ta tafasa. Wata mata a bakin hanya ta ba mu garin kuka muka zuba, ya toshe yoyon. Muka isa, aka binne Mama a gaban 'yan'uwanta. Har yau da garin kukar nan take yawo, ba a taɓa canja lagireton ba."

Aka yi ta "Allah sarki, Allah ya saka." Ni ma na san gaskiya ya faɗa, kuma na san alherin da maigidana ya yi. Amma a ce mai ilimi ya rasa inda zai ba da labarin miyar kuka a cikin injin sai a gaban mai saye!

Alhaji Auta ya bari suka gama tsaf. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Jama'a, na gode, kun yi mini adalci," in ji shi. "Da sa nake saye, da yanzu na biya ba ciniki. Amma ni abin da nake saye a mota shi ne abin da ya rage a jikinta, ku kuwa kun gaya mini kun riga kun cinye shi. Maganar musanya a kan cikon da na faɗa ta tashi, sai dai a ninka shi uku. In kuma Malam Abdulwahid na so, in saye ta a yanka. Injin in kai wa mai niƙa, sauran ƙarfen a auna."

"A yanka?" Kawu ya zabura. "Motar da ta yi wa garin nan wannan hidima za ka ce a yanka? Tashi ka ba mu wuri! Albarka! Ko ninki goma ka kawo, albarka!"

Nan fa wuri ya kaure. Inuwa na cewa ɗan cuwa-cuwa ne, wani na cewa farar ma fenti ce kawai, wata uku ba za ta yi a hanyar fadama ba. Alhaji ya shiga motarsa, ya murza makulli, ya tafi. Ina tsaye ina kallonta har ta sha kwana, hawayen takaici na zubo mini.

Maigidan ya shigo fuskarsa sai sheƙi take yi. "Kulu, kin ji kuwa? Ashe mutane ba su manta ba."

"Na ji," na ce. "Kowa ya faɗi abin da ta yi masa. Wa ya faɗi abin da ta yi maka? Wa ya ce ita ta farke maka ciki? Bijimaina biyu na sayar don in ga ka daina sa kafaɗa a ƙarfen nan, ka zauna kana dariya ana tona mata asiri!"

"Haba Kulu, ai da zuciya ɗaya suka yi."

"Zuciya ɗayar ce za ta tura maka mota?"

"Ita ce kuwa," in ji shi. "Kawu ya sa sun yi alkawari. Kullum bayan sallar asuba za su fito su tura, ni ina zaune a ciki. Ko yatsa ba zan sa ba."

Washegari kam sun fito su goma sha ɗaya, ana raha ana tsokanar juna, suka tura ta har bakin titi. Kawu na gefe da sanda yana ba da umarni. Bayan mako guda suka koma shida. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, kowa hankalinsa ya koma kan dashen tattasai, sai ka ji an ce wane ya yi sammakon gona, wane baya na ciwo. Inuwa mai kifi da ya fi kowa zaƙewa, tun kwana na huɗu ban sake ganin ko ƙeyarsa ba. A mako na uku saura Malam Markus da duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta lungun. Wani lokaci sai rana ta take maigidan na zaune a mota yana jiran masu wucewa, masu kaya kuma na can suna jiransa. Wasu suka fara kiran wani direban.

Na ce ya koma wajen Alhaji Auta ko da yanka ne, mu haɗa da kuɗin bijiman ya sayi ko ƙaramar mota ce ya yi haya a cikin gari. Ya ce da wane ido zai dubi Kawu da jama'a bayan abin da suka faɗa. Wato kunyar waɗanda ke barci a ɗakunansu yake ji.

Ranar wata Talata, Malam Markus ne kawai da wasu mutum biyu da ya roƙa a hanya. Ina madafa na ji suna nishi, motar ta ƙi gaba. Na fito da gudu zuwa zaure na ce, "Maigida, kar ka sauko!" Ya ce sitiyari kawai zai riƙe. Na koma ke nan na ji ƙarar buɗe ƙofar mota, na ji muryarsa cikin masu cewa "a haɗa ƙarfi", sannan na ji shiru. Da na fito yana durƙushe a gindin taya, hannu biyu a mara, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Bai iya ko kallona ba.

A motar haya aka kai shi asibiti. Dibora na bakin aiki, da ta gan mu sai ta dubi mijinta da ya rako mu, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ɗinkin ya ɓalle daga ciki, aka sake yin aiki. Likita ya ce an ci sa'a da ya zo da wuri, amma maganar lodi da doguwar tafiya a hanyar fadama ya manta da ita har abada.

Kwana uku bayan haka masu dubiya suka zo, Kawu a gaba, da lemo a leda. Suka jeru a bakin gado ana ta sannu. Ina zaune a ƙasa ina fifita kunu. Kawu ya gyara murya.

"Kai ma dai, Abdulwahid, da taurin kai. Mota in ta tsufa ai rabuwa ake yi da ita. Mutum ya zo har gida da sabuwa, ka bari ya tafi."

"Wallahi kuwa," in ji Inuwa mai kifi. "Ni tun da ta nutsen nan na san ba ta da sauran amfani."

Shekara ashirin da tara ina gidan nan, ban taɓa ɗaga ido na dubi Kawu ba, balle in mayar masa da magana. Ranar na ajiye mafici na miƙe tsaye.

"Kawu, ku gafarce ni, amma yau sai na faɗa. Wa ya bi gida-gida ya tara mutane? Wa ya ce ko ninki goma albarka? Kai kuma Malam Inuwa, ba kai ka ce babu motar da ta kai ta ba? Kun kori mai saye da bakinku, kun ce za ku tura, kwana nawa kuka yi? Yabo ba ya buƙatar kafaɗa, shi ya sa kowa ya iya. Ga shi nan kwance, ku yi masa shaida shi ma, ku faɗi irin aikin da ya yi, tunda shi ma an gama cinye shi!"

Masu jinya na sauran gadaje duk suka juyo suna kallonmu. Na ɗauka maigidan zai tsawata mini, kuma na shirya. Sai ya juya fuskarsa wajen bango.

"Kulu," in ji shi a hankali, "ki aika wa Alhaji Auta. A ba shi yadda ya ce. Amma a ɗauke ta kafin a sallame ni."

Na aika. Farar motar an daɗe da sayar da ita, kuma ko tana nan ba ta da sauran amfani a wurinmu. Alhaji ya turo babbar mota da za ta ja tamu zuwa Malam Madori, amma lungunmu ya yi mata ƙunci, ta tsaya a bakin titi. Direban ya yi sallama ya ce sai an sami masu turo ta waje. Na ce masa ya nemi 'yan dako a tasha, ni ba zan roƙi kowa a unguwar nan ba.

Bai kai ga tafiya ba. Ban san wanda ya yaɗa labarin ba, sai jin hayaniya na yi. Na leƙa ta tsagar ƙofa na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Inuwa ya naɗe hannun riga, mai ciwon baya ya warke, Kawu na gefe da sandarsa yana cewa a kama ta dama. Su goma sha ɗaya cif, ranar babu wanda ya yi sammakon gona.